Tsakuwa Huɗu a Bakin Sota

Akwai wata safiya a bakin gulbin Sota da ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah. Yau yajin kasuwar Malanbil a leda yake, ƙulli-ƙulli, duk ɗanɗanonsa ɗaya. A da kuwa, fataken Gaya da na Kamba cewa suke hanci ne ke kai su rumfar Goggo, ƙanwar mahaifina.

Sirrin yajinta fasakwari ne, icce mai ƙaya wanda ake daka ɓawon saiwarsa, ya ɗan kama harshe. Akwai kurminsa a bakin Sota, kusa da garin Gene. Ƙa'idar matan da ke ɗiba ita ce saiwa ɗaya daga icce ɗaya, a mai da ƙasa a rufe, kada a sake taɓa shi sai damina uku ta wuce.

Zamanin da soja suka karɓi mulki na dawo daga Kumasi, na ga yadda inji ke niƙa barkono a can, na kafa nawa. Abin da Goggo ke dakawa a mako, kafin azahar inji ya lashe shi. Fatake suka yi ta nema. Sai na ɗauki ƙarti da diga, na ce su tono duk saiwar da suka samu. Ko sau ɗaya ban bi su na gani ba.

Da damina ta sauka, Goggo ta tsaya ƙofar injin tana tari.

"Mai inji, tada mobilet ɗinka ka kai ni in gaida iccena."

"Goggo, aiki gare ni."

"Shi jira. Ko tsoro kaka ji?"

Muka hau ɗan babur ɗin nawa muka tafi. Ko'ina daji ya yi kore, ban da kurmin. Ramuka ne cike da ruwa, itatuwa sun karkace. Goggo ba ta yi mini faɗa ba. Bi ta yi icce-icce tana kankare ɓawo da farce. In ta ga ɗanye, sai ta ɗauki tsakuwa ta ƙulle a bakin zane. In busasshe ne, ta wuce. A gindin wani babba ta daɗe tsaye.

"Wanga innata ta gwada min shi, ina ƙaramar ɗiya."

"Za su toho, Goggo."

"Da mi? Saiwar ka niƙe, mutanen Kamba sun ci da tsire."

Da rana ta yi tsaka ta kwance bakin zanen ta zuba mini a hannu. Tsakuwa huɗu.

"Riƙe. Kai da ka yi lakkwal, kana jin Faransanci da Turanci, ga abin da ya rage muna."

Ranar na sallami ƙartin, na kewaye itatuwa huɗun nan da ƙaya. Shekarun fari suka ƙarasa su. Na sayo wa Goggo fasakwari daga kudu, ta shinshina ta ture, ta kife turminta. Ba ta sake daka yajin sayarwa ba har ta rasu.

Na ci yaji a Agadas, na ci a Abijan da Kartum, kullum harshena na neman nata. Abin da na koya shi ne, duk wanda zai kafa inji, ya fara zuwa da ƙafarsa ya ga inda abincin injin ke fitowa. Ni sai bayan an gama na je. Kurmin nan gonar auduga ce yanzu, kuma babu sauran fasakwari a bakin Sota wajen Gene.