Fuskar Maryse

Bangon da ya raba ɗakina da na su Maryse, a benenmu na unguwar Belleville da ke Paris, bai fi kwali kauri ba. Wata Lahadi da hantsi na jiyo mijinta Fernand, tsohon direban bas, yana ta faɗa.

"Gashinki kin ba ta, na yi shiru. Cikinki kin ba ta, rabonki da cuku tun kafin a yaye 'yarmu. Yanzu kuma fuska? Wuƙa fa za a sa miki, Maryse!"

"Rage murya, tsoho. Kai me ka sani a fim? Ko talla ba a gamawa kake fara munshari."

"Gara munsharina da wannan bautar!"

Aikin Maryse tsayuwa ne. Kafin a ɗauki kowane fage sai an daɗe ana saita fitilu, babbar 'yar wasa kuwa ba ta tsayawa cikin wannan zafin. Sai a samo mai tsayinta da launin fatarta a kafa a wurin. Tun suna 'yan mata Maryse ke tsaya wa Éliane Sorbier, wadda hotonta ke manne a kowace tasha a Paris. In Madam Sorbier ta rina gashi ja, Maryse ta rina. In ta rame don wani fim, Maryse ta koma romon ganye. Da haske ya daidaita sai a ce mata ta matsa, tauraruwa ta fito ta taka inda ƙafar Maryse ta ɗumama. A ƙarshen fim ana rubuta har sunan mai wanke karen Madam. Nata bai taɓa fitowa ba.

Bara Madam ta tafi hutu, ta dawo da fuska sumul kamar ta 'yar talatin. Jaridu suka ce iskar tsauni ce. Ba a jima ba aka aiko wa Maryse cewa haske ba ya zama daidai a kan fatar da ta tattare. In tana son aikinta, ta je wurin likitan da ya ja wa Madam fatar fuska a ja tata fatar. Madam za ta biya, don alheri.

Alheri! Ni ban yarda da zancen haske ba. Sa'o'in juna ne, kowa a wurin aikin ya sani. Kullum safiya ma'aikata na duban Maryse su ga ainihin shekarun gwanarsu, abin da ke cin Madam ke nan. Ita ce fa ake gayyata taro tana jawabi a kan martabar mata, ana tafi har da hawaye.

Maryse ma da nata ƙulli a ciki. Ta taɓa gaya min a matakala cewa in fitilu suka hau kanta, kowa ya zuba mata ido, sai ta ji ita ce tauraruwar. Shi ya sa ta kasa cewa a'a kai tsaye.

Washegarin faɗan nan Madam da kanta ta hawo bene, da baƙin tabarau da damin furanni. Na fito kamar zan zubar da shara.

"Maryse, 'yar'uwata, don ke nake yi. Kin kuwa duba madubi?" Ta yi murmushi, amma ban da leɓe babu abin da ya motsa a fuskarta.

Maryse ta daɗe tana kallon fuskar nan. Ba ta karɓi furannin ba, ba ta kuma matsa daga bakin ƙofa ba.

"Éliane, na tsaya miki a ruwa, na tsaya miki a sanyi. Tsufan ma ni nake yi miki. Bar ni in ƙarasa shi a gidana." Ta waiwaya ciki. "Fernand, yanko cukun nan."