Gurbin da Emeka ya ƙara

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Emeka, amma har yau in na bi ta shataletalen Bata sai na ɗaga kai na dubi benen da muka yi aiki a cikinsa. Haifaffen Sabon Gari ne, ya kuma fi ni iya tsiya da Hausa.

Tare muka shiga harkar kwamfuta bayan soja sun koma bariki. Daga baya wata ƙungiyar masu ba da jini kyauta ta Fagge da Sabon Gari ta ba mu aikin shafin intanet: in asibiti na neman jini, a tura saƙon tes zuwa wayar waɗanda nasu ya dace. Duk mako mukan nuna musu inda muka kai, su ce a ƙara wannan, a sauya wancan. Sauya fuskar shafi ba wuya. Wuyar tana wajen rumbun bayanai, inda kowane suna ke da gurabensa na lambar waya da irin jini, domin kana taɓa shi ana amfani da shi. Emeka ba ya sauya komai a ciki sai ya rubuta sauyin, ya rubuta yadda za a warware shi, ya gwada a kan kwafi. Nakan ce masa tsohuwa ta fi shi saurin tsallaka titi.

Wata rana wata mata daga Kwaciri ta hawo benen tana hawaye. Mijinta ya rasu, amma tes bai daina zuwa wayarsa ba, ana roƙonsa ya zo ya ba da jini. Ashe mun tanadi gurbin komai ban da mutuwa.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Lawal na kasuwar Singa, ya ce, "Ku goge sunan yau ɗin nan."

Emeka ya ce, "Alhaji, in muka goge shi, duk jinin da ya bayar ya zama ba mai shi. Gara mu ƙara gurbi."

Ya tsayar da tes ɗin nan take, sannan ya zauna ya ƙara wa kowa gurbin rasuwa, a cika shi saƙo ya tsaya, suna ya zauna.

Da ciwo ya ɗauke Emeka, wanda shi ma yana cikin masu ba da jinin, cika nasa gurbin ya faɗo kaina, kuma na ji ciwon abin ƙwarai. Ina ta jan ƙafa, sai ga matarsa Ngozi riƙe da wayarsa.

Ta ce, "Malam Sani, kar ka cika. Jinina irin nasa ne. In tes ya zo, ni zan je."

Haka aka yi ta yi shekaru. Bana samarin da suka karɓi aikin suka tashi sabunta rumbun, za su share duk abin da bai daidaita ba. Yara ne masu ƙwazo, abin da ke cin mana mako su kafin la'asar sun gama. Suka ce mamaci ba ya ba da jini, ko a cika gurbin, ko a goge sunan. Ko wanne aka yi, wayar da ke hannun Ngozi za ta yi shiru.

Na tambayi kaina me Emeka zai ce. Na san da ya goyi bayansu, don ya tsani ƙarya a rumbu, da kuma ya yi min dariya. Amma ba zai goge ba. Sai na roƙe su muka ƙara gurbi ɗaya: wanda ya tsaya a madadin mamaci. Na cika na rasuwar da hannuna, na sa sunan Ngozi a sabon, lambar ba ta sauya ba.

Watan jiya tes ya shiga wayar, Ngozi ta je asibiti. Sauyin kuwa sai da na gwada shi a kan kwafi, na rubuta yadda za a warware shi kamar yadda ya koya min, duk da na san gurbin farkon, na rasuwar, ba mai warware shi.