Taken Maigidana a Cikin Piyano

Mu da muka kai amarya Kebbe ran nan, da ni ce, da ƙanwata, da ɗiyata wadda ita ce gwaggon amarya, sai ƙawayen yarinyar da suka cika motar da ƙamshin turare da surutu. Can kuma muka iske uwar ango da danginta, da matan unguwa. Amaryar jikanyata ce, ɗiyar ɗana. Makaɗa kuwa daga garinmu Tambuwal aka ɗauko su: mai waƙar, da mai jita, da tsohon mai kalangu, sai wani baƙo siriri mai gilashi da ban san daga inda suka samo shi ba.

Makaɗan nan na san su tun suna yawon biki da jita ɗaya da ƙwarya. Mai waƙar a bayan gidanmu aka yanke masa cibi. Muryarsa tana da kauri, ba laifi. Amma abin da ya sa manya ke zama su saurare su, tsohon ne. Shi ne makaɗin maigidana, Allah ya jiƙansa. Maigidana mahauci ne, kuma duk ranar kasuwa tsohon nan ke tsayawa gaban rumfarsa yana kaɗa masa takensa. Kalangun na cewa: ba ka yanka ramamme, sai mai tozo. Shi kuma ya ɗaga wuƙa sama ya amsa. Ranar da aka kai shi makwanci, tsohon ya zo ƙofar gida ya ce mini ya ajiye taken. Haka ake yi. Ba a kiran wanda ba zai amsa ba, sai in an samu magajin da aka ba. Ɗana kuwa aikin gwamnati ya bi, bai taɓa riƙe wuƙa ba. Tun daga nan ban sake jin kiɗan ba.

Na dai ji ana cewa yaran sun tafi Sakkwato sun shiga situdiyo, har an fara sa su a rediyo. Ban mai da kai ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a filin ƙofar gidan ango. Tun nan na ga abin da ban gane ba. Ba ƙwarya. An jera wasu baƙaƙen akwatuna tsayin mutum, an ja waya zuwa janareta. Mai jita ya rataya jitarsa amma hannunsa na cikin aljihu. Baƙon nan ya tsaya bayan wani dogon abu mai haƙora fari da baƙi, aka ce mini piyano ne. Tsoho kuwa an sa masa sabuwar riga mai walƙiya, an zaunar da shi gaba kan kujera.

Da aka kunna, sai da na ji ƙirjina ya amsa. Dum, dum, dum, ba hawa ba sauka, kamar injin niƙa. Mai waƙar ya buɗe baki, wata murya ta fito siririya tana rawa, kamar sauro ya faɗa gwangwani.

Na taɓa ƙanwata na ce, "Wa ka waƙa?"

Ta ce, "Shi na, Yaya. Haka aka yi yanzu."

"To wa ya shaƙe mai wuya?"

'Yan mata dai sun cika fili, kowa da waya a sama. Na zuba ido. Ni biki ba ya hana ni kallo.

Ana cikin haka sai kalangu ya ratso ta tsakiyar dum-dum ɗin nan. Ba ka yanka ramamme, sai mai tozo.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Gwiwoyin da ba sa tada ni sai na dafa ƙasa, ran nan su suka tashi da kansu. Na dunƙule hannu na ɗaga sama, hawaye na zuba. A raina na ce tsoho ya ga jikanyar mutumin na aure, ya kasa daurewa, ya kira shi sau ɗaya don ya shaida. Na yafe masa nan take.

Sai taken ya sake fitowa. Ya sake. Ya sake, da sauri, ba ko numfashi tsakani, alhali ana barin wuri ne don mai shi ya amsa. 'Yan mata suka ɗauka rawa na taso yi, suka kewaye ni da shewa: "Kaka ta shigo! A ba Kaka fili!" Har da amaryar, an fito da ita tana juyi a kan sunan kakanta ba ta sani ba.

Na duba tsoho. Ya ajiye gular kiɗan a cinya yana share zufa da hularsa. Hannuwansa duka biyu suna kan hula. Kalangu kuwa na ta kuka.

Innalillahi. Na ratsa yaran na isa gabansa. Da ya gan ni ya yi wuf ya ɗauki gula ya ci gaba da kai hannu. Ina tsaye a kansa, na ga gular ba ta taɓa fata. Kusa take zuwa ta koma.

Na ce, "Sarkin Kiɗa, mi nika gani haka?"

Ya ƙi ɗaga ido. Ya ce, "Hajiya, ki koma ki zamna, ana ɗaukar hoto."

"Ina tambayarka. Wa ka kiran maigidana?"

Ya nuna piyano da haɓa.

Sai da aka tsaya don sallar magariba na same shi bayan gida yana alwala. Nan ya faɗa mini. Da suka je situdiyo an sa shi wani ɗaki shi kaɗai, aka ce ya kaɗa duk abin da ya iya. Ya yi ta kaɗawa, hannu ya zarce da kansa. Baƙon ya yanko wannan gutsuren ya ce ya fi daɗin rawa, ya ɗora waƙar soyayya a kai. Shi bai sani ba sai da ya ji a wayar wani ɗan acaba. Yanzu kuma sun ce kada ya riƙa taɓa fata, yana ɓata wa injin lissafi. Ya dai zauna gaba, don mutane na son ganin kalangu a bidiyo.

"Ka kuma zamna?"

"Ina da iyali, Hajiya."

Na sa aka kira mini mai waƙar. Ya durƙusa, don ya san ni. Na ce ya fid da maigidana daga cikin akwatin nan.

Ya ce, "Inna, wallahi ban san take na ba. Wagga waƙa ita ta kai mu rediyo. Ko na goge nan, tana cikin wayar kowa, har Legas."

"To mutumin da ya mutu, wa za ya amsa mai har Legas?"

Ya sunkuyar da kai. Tuwon bikin nan ban ci ba.

Da asuba na yi wa amarya addu'a, na ce wa ƙanwata ta ƙarasa abin da ya rage. Na aika aka taso tsoho da kalangunsa, muka shiga motar farko ta Tambuwal. Ban biya gida ba, na wuce kasuwa wurin mahauta. Akwai ɗan ƙanen maigidana, shi ya gaji rumfar, ya daɗe yana aiko mini manya a ba shi taken ina ƙi, don ban yarda da shanun da yake saye ba. Muka same shi yana rataye nama. Na duba cinyar da ya rataya, ba kitse ko na shafa wa leɓe. Na haɗiye abin da ya zo mini baki.

Na ce wa tsoho, "Matsa tsarkiyar kalangun, ka taɓa fata. A hankali, ka bar mai wurin amsawa." Na juya ga yaron na ce, "Kai kuma ɗauki wuƙarka. Daga yau kai aka kira."