Kwaɗo Biyar a Ƙofa Ɗaya

Baffa Falalu ya tsufa yana kai fatun awaki da tumaki wani kamfanin jima a Challawa. Mu maƙwabtansa a Zawaciki ba sai mun gan shi ba, hanci ke gaya mana ya dawo.

Su biyar ne dillalan da ke ciyar da kamfanin, manaja kuwa ya iya su. Sai ya ce wa wannan wancan ya rage farashi, ya koma ya faɗa wa wancan haka. Wata Babbar Sallah Baffa ya tara su, suka yi alkawari kowa ya danne fatunsa da gishiri har kamfani ya yarda ya riƙa ba su kaso a cikin riba. Aka shafa fatiha. Da gari ya waye Baffa ya lallaɓa da kayansa, wai don kada wani ya riga shi karya alkawari. A bakin get ya tarar da sauran huɗun a layi, kowa na kallon takalminsa. Ranar manaja ya saya yadda ya ga dama.

Daga nan Baffa ya daina wahalar da mutane da rantsuwa. Ya kama shago a Na'ibawa, kowa ya zuba fatunsa, aka rufe da kwaɗo biyar, kowa da makullinsa. Ba a buɗewa sai duk sun hallara. Da injinan kamfani suka yi shiru, manaja ya zo da kansa yana toshe hanci, ya yarda da kason.

Bara Baffa ya rasu, shago cike da fatun layya. Mutuwar ta taɓa ni ƙwarai. Abokan suka zo gaisuwa, babbansu Alhaji Usaini ya matsa kusa da labulen matar marigayin.

"Hajiya Saudat, Allah Ya ƙara haƙuri. Ko Baffa ya bar wani ɗan makulli?"

Duk mun gane. In makullin ya fita daga hannunta, kason Baffa ya bi shi kabari, ita da yara sai ido.

"Ya bari, Alhaji," in ji ta. "Yana bakin zanina. Ran da za ku buɗe, ku aiko, kasonsa yana nan yadda yake."

"Ai kwaɗo ne kawai, Hajiya. Muna iya fasawa."

"Ku fasa. Amma daga ranar kowannenku ya san kwaɗo na fasuwa."

Suka koma kallon takalmansu. Har yau kwaɗo biyar ne a ƙofar.