Zoben Goggo, Lamba Hamsin da Huɗu

Wawan wannan labari ni ne. Na faɗa da bakina tun yanzu don kada jikokin mutumin da zan ambata su riga ni, domin na ji suna karatu, kuma sun gaji bakinsa. Sai dai a lura, tawa wautar ta ilimi ce, da rula aka yi ta. Tasa kuwa da ita aka haife shi.

Bayan ƙuri'ar da ta bar Mubi cikin Najeriya, ina zaune a unguwar Lokuwa, gidan Goggo, yayar mahaifina. Na yi firamare har aji huɗu, na kuma yi aiki a kantin wani Bature, ina shara ina naɗe yadi. Da zai koma ƙasarsu ya bar mini abu biyu: rular katako, da wani ɗaurin zobban ƙarfe kamar makullan gidan yari, kowane zobe da harafinsa. Da shi Turawan Ingila suke auna yatsa. Su ba sa cewa yatsan wane kauri gare shi, sai su ce shi M ne, ko shi Q ne. Na rataya abina a ƙugu ina yawo yana kacau-kacau, na auna yatsun rabin mahautan kasuwa ba wanda ya roƙe ni.

Mutumin da nake nufi mijin 'yar Goggo ne, falke, yana bi ta Belel ya tsallaka Garwa ta ƙasar Kamaru ya dawo. Yarinyar nan tun muna yara da ni ake tsokanarta. Ya zo da keke da turaren Faransa ya ɗauke ta. A lokacin ƙuri'a shi Kamaru yake so, ni Najeriya, muka kayar da su. Bai yafe mini ƙuri'ar ba, ban yafe masa matar ba. Ina ce masa Bafaranshe, yana ce mini Akawu, kuma duk wanda ya ji yadda muke faɗa ya san ba wasan taubasai ba ne.

Goggo tana da munduwar azurfa guda ɗaya, ta mahaifiyarta, wadda ta taho da ita tun daga ƙasar Katsina. Ba ta da wani abu na tsohuwar sai ita. Munduwar ta tsage a gefe, ba ta sawuwa. Wata rana Goggo ta ga zobe a hannun wata baƙuwa, murɗaɗɗen aiki kamar saƙa, aka ce mata wani maƙerin farfaru ne ɗan Sanigal a Garwa yake yin su. Ta ce a kai masa munduwar ya narkar da ita ya yi mata irinsa, ta riƙa ganin uwarta a hannu kullum, maimakon a ƙasan kwalla.

Ta kira surukin nata tsakar gida. Ta tsinko zare a bakin zaninta ta zagaya yatsa, za ta ƙulla a ba shi ya tafi da shi, yadda mata suka saba. Ni kuwa ina gefe, sai na tsoma baki.

Na ce, "Goggo, ƙasa ta samu 'yanci, ke kina aika zare? A gidan da nake?"

Ta ce, "To me zan aika, yatsan?"

Na kwance ɗaurina na durƙusa gabanta kamar likita. Na gwada wannan, na gwada wancan, har na sami wanda ya wuce gaɓa ya zauna lafiya. Na ce, "Goggo, ke P ce."

Ta ce, "Uwarka ce P."

Bafaranshe ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Akawu, can ba a san baƙaƙenka ba. Shi maƙerin, lamba yake so. Zagayen yatsa ake aunawa da ƙananan zane-zanen nan nasu, a ce hamsin da kaza. Bar Inna ta ba ni zarenta, shi zai ɗora a ma'auninsa."

Na ce, "Zaren da zai kwana a aljihunka da goro da gumi? Kafin ka ƙetare kogi ya zama tsawon igiyar guga. Ni zan juya awon Ingila ya koma na Faransa, a nan, a ƙasar Najeriya. Kai aikinka ɗauka."

"Ka iya?"

"Na iya abin da ya kayar da ku."

Ya daina dariya. Ya ce, "To. Abin da ka faɗa shi zan faɗa masa, ba ƙari ba ragi."

Na shiga zaure na baje kayan aiki. Rular nan gefe ɗaya inci ne, ɗaya gefen milimita, wato ƙananan zanen Faransawa. Na ɗora zoben P na auna faɗin raminsa daga baki zuwa baki, sha takwas cif. Har nan ba mai kama ni da laifi. Saura zagaye. Na tuna malaminmu na lissafi ya ce zagayen kowane da'ira faɗinta ne sau uku da ɗan wani abu. Ɗan wani abun ne ya ɓace mini, domin a makon da aka koyar da shi ina gonar gyaɗa. Na yi shawara da kaina cikin natsuwa, na ga abin da malami da kansa ya kira ɗan abu bai isa ya tsayar da babban mutum ba. Sha takwas sau uku, hamsin da huɗu.

Na fito na faɗa masa. Ya dubi hannun Goggo, ya dube ni. Mutumin da ya sha sayo wa mata zobba a Garwa ne, kuma har gobe ina rantsuwa ya gane. Ya ce, "Hamsin da huɗu. Allah ya ƙara ilimi, Akawu." Ya karɓi munduwar a ƙulle cikin tsumma ya hau kekensa.

Da ya dawo ranar sunan wata jikar maƙwabta ce, gidan cike da mata. Zoben kuwa, ko ni da nake ƙin duk abin da ya fito daga hannunsa, sai da na yarda ya yi kyau. Siraran zaren azurfa an murɗa su sun hau juna, da ɗan tudu a tsakiya kamar ƙwayar dawa. Mata suka yi ta miƙa wa juna. Goggo ta karɓa ta zura, ya tsaya a gaɓa.

Wata ta ce, "Ya yi kaɗan, Yaya."

Goggo ba ta son a ga kasawarta a gaban mutane. Ta ce, "Sabo ne." Ta dube ni.

A nan ne ya kamata in ce a dakata. Abin da na ce shi ne, "Haka zoben Turawa yake, Goggo. Sai an matsa. Wanda ya shiga da sauƙi na 'yan ƙauye ne."

Ta lakato man shanu ta shafa, ta cije leɓe ta murɗa, ya wuce. Aka yi guɗa. Na dubi Bafaranshe na ɗaga masa gira.

Kafin la'asar yatsan ya yi kamar rogo. Aka sa sabulu, aka sa yauƙin kuɓewa, aka tsoma hannun a ruwan randa. 'Yarta ta naɗa zare daga kan farce zuwa gaɓa tana ja, Goggo tana salati ta cikin haƙora. Zoben ya nutse cikin nama, kan yatsan ya fara baƙi. 'Yar tata ta juyo ta ce mini, "Ka ji daɗi yanzu?" Rabon da ta yi mini magana tun bikinta.

Maƙwabta suka ce a yanke. Goggo ta ɓoye hannun a hammata ta ce ba mai taɓa mata uwa. Sai da wani ma'aikacin asibiti, Kirista daga wajen Michika da ke haya a layinmu, ya duba ya ce mata, "Mama, ko zoben ko yatsan, kuma in kika ƙara jira ba ke za ki zaɓa ba." Sannan ta miƙa.

Maƙerin unguwarmu mai yin fartanya aka kira, don shi ne kusa. Ya zo da magagari da awartaki. Ya zura tsinken ƙarfe a ƙarƙashin zoben yana goga magagari a kai, garin azurfa yana zuba a zaninta. Aikin saƙa ba ya yankuwa wuri ɗaya. Yana cin zare guda sauran suka warware, ya kama da awartaki ya ɓalle. Abin da aka tara mata a tafin hannu guntaye ne kamar an tattake gizo-gizo.

Bafaranshe yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya. Ya ce, "Ni dai hamsin da huɗu aka ce mini."

Na ce, "Ka gani tun ranar, ka yi shiru, mugu."

"Ni wa, in gyara wa Najeriya lissafi?"

Na miƙe na fara jawabi. Na ce kowa ya san milimitar Faransa ba ta kai ta Ingila cika ba. Na ce maƙeran can suna rage awo don su ci azurfa. Na ce yatsan tsofaffi yana ƙaruwa da zafi, wannan a littafi yake. Na ciro rula ina nuna wa mata gefe da gefe, ina cewa juya awo daga wata ƙasa zuwa wata ilimi ne mai zurfi, kuma duk Lokuwa ni kaɗai na iya shi.

Goggo tana zaune, yatsa naɗe da tsumma. Ba ta ɗaga murya ba. Ta miƙo mini tafin hannunta da guntayen a ciki.

Ta ce, "Tunda ka iya juyi, ɗan nan, ungo. Juya mini wannan ya koma munduwar uwata."