Tururuwa a Cikin Ludayi

Ƙarar ɓallo ƙwayar magani daga takardarta ce ta mayar da ni gidanmu na Tama yau da safe. Ni kaɗai nake zaune a ɗakina a Madawa, ɗiyata na barci a cinyata, maigida ya tafi cin rani kamar yadda babanmu yakan tafi.

Ina shekara takwas, a wata bazara bayan an kwashe albasa daga fadama, nonon innarmu ya kumbura, zazzaɓi ya kayar da ita. Ƙanena yana wata huɗu. Ni na raka ta likita, wato asibiti, a bayan amalanke, ina riƙe da yaron. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya duba ta, ya ba ta ƙwayoyi masu kashe ƙwayar cuta, ya ce, "Wanga magani bai yi ma jinjiri komi. Ki ci gaba da ba shi nono, kak ki tsaida." Da kunnena na ji.

Kaka, uwar babanmu, ba muguwa ba ce. Ita ke ɓoye mini ƙanzo, ita ke yi mini kitso tana zagin taurin kaina. Amma da ta ga ƙwayoyin sai ta ɗaure fuska. Ta sa Inna ta tatsa nono cikin ludayi, ta jefa tururuwa a ciki, kamar yadda aka yi mata a zamaninta. Idan tururuwar ta fita, nono lafiya lau. Muka zuba ido. Tururuwar ta yi ta fafutuka, can ta daina motsi.

"Nonon ga ya ɓaci," in ji Kaka. "Maganin likita ya shiga ciki."

Inna ta sunkuyar da kai, don surukar kirki ba ta musu da uwar miji. Sai ta ɗago ta dube ni, sau ɗaya. Ni kuwa na kafa ido a ƙasa, ina tsoron a ce mini mai bakin tsiya.

Aka mayar da yaron ɗakin Kaka, ana ɗura masa nonon akuya da ruwan rijiya. Inna tana jin kukansa ta bayan danga, gaban rigarta na jiƙewa. Ta shanye maganinta ta warke sarai. Shi kuma zawo ya kama shi, bai ga ruwan farko ba. Ba wanda ya taɓa tayar da zancen a gidan nan, har Kaka ta rasu, har Inna ta bi ta.

Jiya ni ma aka ba ni ƙwayoyi saboda irin ciwon nan na Inna. Sau uku na tambayi ungozomar likita ko irin da mai shayarwa ke iya sha ne, har ta yi dariya ta ce, "Shi na, baiwar Allah." Ba ta san wa nake tambayar wa ba.

Na haɗiye ƙwayar, na tashi ɗiyata na ba ta nono. Ɗakin shiru, sai ƙarar haɗiyarta. Na faɗa da ƙarfi, "Inna, majo ya ce ki ba shi." Ba kowa a ɗakin da zai ji.