Tumatirin da Muka Wanke Muka Aika Zariya

Ko zan manta da komai na zaman aurena, ba zan manta da ranin da tsutsa ta shiga lambun maigidana ba. A wani ƙauye muke kusa da Mai'adua, kuma lambun tumatirin nan shi ne cinmu, shi ne suturarmu. Daminar da ta wuce gero bai yi ba, don haka idon kowa a gidan yana kan fadama.

Abin ya fara da wani farin zane a jikin ganye, daga nan sai ganyen ya bushe kamar an bi shi da wuta. In ka fasa tumatir sai ka tarar da 'yar tsutsa a ciki. Maigidan ya fesa duk maganin da ya sani, har wanda ake shigowa da shi ta bakin iyaka a Kongolam, tsutsar ko gezau. Daga ƙarshe ya kira malamin gonar yankinmu, wanda a lokacin yana Zariya wajen kwas. Malamin ya ce a tsinko ganye da 'ya'yan a ba direba ya kai masa, zai miƙa wa masu bincike su gano irin tsutsar da maganinta.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai son fita kunya. Ko kaza zai kai gidan surukai sai ya zaɓi mai ƙiba. Ya zagaye lambun kaf, ya tsinko daga ɗan gefen da cutar ba ta kai ba, jajaye masu sheƙi, ya kawo gida ya ce in wanke.

Na ce, "Malam, ai masu tsutsar ake so."

Ya ce, "Haba, ke kuwa! Manyan malamai ne fa a can. In kwashi ruɓaɓɓen abu mai wari in aika musu, su ce mutanen Daura ba su da ta ido? Ai da na'ura suke dubawa, ko a jikin mai kyan za su gani."

Na sake magana, ya ɗaure fuska, na ɗebo ruwa na wanke. Ganye ɗaya ne ya zo da tsutsa, da hannunsa ya cire ta ya murtsuke. Muka jera a kwali, ya ɗora albasa a sama don kada a ce ya yi rowa. Har yau in na tuna albasar nan sai raina ya ɓaci.

Kwalin ya daɗe a tasha kafin a samu mota. Kullum maigidan ya dawo daga fadama, amsa sallamar da nake yi kawai ke shiga tsakaninmu. Ranar da malamin ya kira ina kusa, ina jin muryarsa a wayar.

"Baba, wannan ai tsaraba ka aiko. An duba, lafiyarsu ƙalau. Mai ciwon muke nema, da tsutsar a jikinsa."

Maigidan ya ce, "To," ya ajiye wayar, ya kasa kallona.

Washegari muka sake aikawa, ruɓaɓɓu masu wari, ko ɗaurayewa ba a yi ba. Amsa ta zo da sunan tsutsar da na maganinta, sai dai babu sauran abin da za a fesa wa, lambun ya zama karmami. Injin ban-ruwa muka sayar muka sayi hatsi. Mutumin da ya tashi a fadama, da furfurarsa, ya koma dako a Kongolam, kuma bai sake dasa tumatir ba har ya bar duniya.

Na koyi cewa wanda ka je wa neman magani ba baƙo ba ne da za ka yi wa kwalliya. Shi ya sa yanzu in na kai jikana asibiti likita ya ce yaya jiki, ba na cewa da sauƙi. Ɗage rigar nake yi in nuna masa wurin, yadda yake.